Civita di Bagnoregio: Garin da Ke Cin Abinci da Mutuwarsa

Idan mutum ya bar birnin Rum ya nausa arewa, bayan tafiyar kilomita kamar 120 zai isa wani ɗan gari mai suna Bagnoregio, a lardin Viterbo na ƙasar Italiya. Ba shi da wani abin a zo a gani da zai tsayar da matafiyi. Amma in ya daure ya ratsa garin har ƙarshensa na gabas, sai ya ga ƙasa ta yanke a gabansa. Can ƙasa wani makeken kwari ne mai fararen tuddai tsirara, kamar an kankare su da wuƙa. A tsakiyar kwarin wani curin dutse ya miƙe shi kaɗai, a kansa kuma gidaje ne cunkushe, da hasumiyar coci a tsakiyarsu. Siririyar gada guda ce ta haɗa shi da sauran duniya, ita ma don masu tafiya a ƙafa aka yi ta.

Wannan ita ce Civita di Bagnoregio, wadda Italiyawa ke furtawa kamar "Cibita di Banyorejo". Da sassafe a lokacin sanyi, idan hazo ya cika kwarin, sai ka rantse garin a kan gajimare yake zaune. Marubucin nan Bonaventura Tecchi, ɗan asalin Bagnoregio wanda ya rasu a 1968, shi ya laƙaba masa sunan da ya bi shi har yau: birnin da ke mutuwa. Ba kuma kirari ba ne. Dutsen da garin ke kai yana ɓallewa kaɗan-kaɗan, ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana haka.

Dutse a kan yumɓu

Kafin a shiga labarin sarakuna da limamai, sai an san ƙasar da garin ke kai, domin ita ce ta rubuta tarihinsa.

A zamanin da babu ɗan Adam a wurin, teku ne ya shafe yankin baki ɗaya. Da ruwan ya janye, ya bar yumɓu mai kauri. Daga baya duwatsu masu aman wuta da ke kusa suka yi ta watso toka, ta yi ta taruwa a kan yumɓun har ta daskare ta zama dutse. Tafkin Bolsena da ke yamma da garin, a gurbin waɗannan duwatsu yake kwance. Italiyawa na kiran wannan daskararriyar toka tufo. Dutse ne mai taushi, ya yi kama da marmara: ana sara shi da gatari, a yanka shi a yi gini, a haƙa ɗaki a cikinsa.

To, a nan gizo ke saƙar. Tufo yana shan ruwa. Idan aka yi ruwan sama, sai ya tsiyaye ta cikinsa ya sauka kan yumɓu, yumɓun ya jiƙe ya fara zamewa. Ta ƙasa kuma rafuka biyu, Rio Chiaro da Rio Torbido, suna kwasar duk abin da ya zubo suna kaiwa kogin Taiba. Da zarar yumɓun da ke tallafe da gefen dutse ya tafi, sai dutsen ya tsage daga sama har ƙasa, wata rana ɓangaren ya ɓalle ya gangara da duk abin da aka gina a kansa. Haka lambuna suka tafi, da gidaje, da unguwanni.

Me ya sa mutane za su zauna a irin wannan wuri?

Amsar ita ce tsoro. Fiye da shekara 2,500 da suka wuce, al'ummar Etruskawa, waɗanda suka riga Rumawa ƙarfi a tsakiyar Italiya, suka kafa gari a kan dutsen. A wancan lokaci faɗinsa ya fi na yanzu nesa ba kusa ba, kuma a haɗe yake da tudun da Bagnoregio ke kai. Wuri ne da Allah Ya yi masa ganuwa: mahara ba sa iya hawa sai ta hanyoyi ƙalilan, ga shi a kan hanyar fatake tsakanin kogin Taiba da tafkin Bolsena. Etruskawa sun san halin ƙasarsu, suka haƙa magudanai don janye ruwan sama daga gefen dutse. Rumawa da suka mamaye yankin a ƙarni na 3 kafin Miladiyya suka ci gaba da kula da su.

Bayan daular Rum ta yamma ta rushe a ƙarni na 5, yaƙi ya zama ruwan dare. Gotawa suka zo, Lombardawa suka biyo baya. A irin wannan zamani duk mai hankali tudu yake nema, shi ya sa har yau in ka duba tsakiyar Italiya za ka ga kusan kowane tsauni da ƙauye a kansa. Wajen shekara ta 600 sunan garin ya bayyana a wata wasiƙa ta Fafaroma Gregory Babba, da Latinanci: Balneum Regis, wato wurin wankan sarki. Mutanen garin na da labarin cewa wani sarkin Lombardawa, Desiderio, ya warke daga wata cuta bayan ya yi wanka a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a yankin. Labarin na da daɗi, sai dai sunan ya girmi sarkin da fiye da shekara ɗari.

Da Sarki Shalman na Farankawa ya karya Lombardawa a 774, yankin ya koma ƙarƙashin ikon Fafaroma. A ƙarni na 12 garin ya samu majalisarsa yana gudanar da harkokinsa, amma babbar maƙwabciyarsa Orvieto ba ta bar shi ya sha iska ba. Wani gidan masu ƙarfi na can, Monaldeschi, suka daɗe suna juya shi yadda suka so, har talakawa suka gaji suka yi musu bore a 1457. Wanda ya isa ƙofar garin a yau, ya ɗaga kai zai ga zakuna biyu na dutse, kowanne ya danne kan mutum da ƙafafunsa. Tunawa ce da wannan rana.

Ɗan garin da gidansa ya faɗa kwari

Mutumin da ya fi kowa fito da sunan garin shi ne Giovanni di Fidanza, wanda duniya ta sani da Bonaventura. An haife shi a Civita a farkon ƙarni na 13. Kiristocin yankin na cewa yana yaro ya yi ciwo mai tsanani, ya warke albarkacin addu'ar Faransis na Assisi, kuma har yanzu ana nuna wani kogo a bakin kwarin da aka ce a nan abin ya faru. Kogon kansa asalinsa kabarin Etruskawa ne.

Yaron ya tafi Paris karatu, ya zama malami a jami'arta, a 1257 aka zaɓe shi shugaban ɗarikar Faransiskawa baki ɗaya. Shi ya rubuta tarihin rayuwar Faransis wanda ɗarikar ta amince da shi. Ya zama kadinal a 1273, ya rasu a birnin Lyon na Faransa a 1274 yana halartar babban taron coci. Mawaƙi Dante ma ya sa shi cikin mutanen aljanna a shahararren littafinsa, har ya ambaci garinsu.

Duk da wannan girma, in ka nemi gidan da aka haife shi, abin da za a nuna maka guntun bango ne da allon tunawa a gefen rami. Sauran gidan ya daɗe da gangarawa. Dutsen bai san waliyyi ba, bai san talaka ba.

Ranar da uwa ta koma ƙarƙashin 'ya

A tsakiyar zamani Civita ce gari, Bagnoregio ta yau kuwa unguwar bayan gari ce mai suna Rota. A Civita bishof yake, a nan hukuma take, a nan gidajen masu hali suke. Ƙofofi biyar gare ta.

Ranar 11 ga Yunin 1695 girgizar ƙasa mai ƙarfi ta auka wa yankin. Gidaje suka rushe, wani ɓangaren dutsen ya zube, hanyar da ta haɗa garin da Rota ta lalace. A 1699 aka ɗauke kujerar bishof aka mayar Rota. Kowa ya san abin da ke biyo bayan tashin manya: ma'aikata suka bi, 'yan kasuwa suka bi, masu kuɗi suka rufe gidajensu. Waɗanda suka rage su ne manoman da ba su da inda za su.

Daga nan sai abin ya zama gaba da gabanta. Wuyan ƙasar da ya haɗa garuruwan biyu, shi ma yumɓu ne, ya yi ta zaizayewa yana yin ƙasa, har wurin da a da ake ratsawa cikin sauƙi ya zama kwazazzabo. Ƙofofi huɗu suka tafi, saura ɗaya. An gina gada, sojojin Jamus suka fasa ta a 1944 lokacin da suke ja da baya a Yaƙin Duniya na Biyu. Wadda ake bi yanzu ta kankare ce, tsawonta kamar mita 300, an buɗe ta a 1965.

Sai dai gadar ta zo a makare. Shekarun bayan yaƙi su ne lokacin da ƙauyukan Italiya suka tsiyaye. Tsohon tsarin noma da manomi ke raba amfanin gona biyu da mai ƙasa ya mutu, masana'antu a birane suna neman hannu. Wace budurwa ce za ta yarda ta tare a gidan da sai an ɗora kaya a jaki kafin a kai shi? Gadar da aka yi don mutane su riƙa shiga, ita suka bi suka fita.

Abin da mai ziyara zai tarar

Ƙarshen gadar hawa ne mai sa haki. A samansa ƙofar Santa Maria take, wadda ƙasanta a jikin dutse aka sassaƙa shi tun zamanin Etruskawa. A bangonta akwai ƙananan alamun gicciye da aka ƙarce, ana danganta su da masu ziyarar ibada na tsakiyar zamani.

Daga ƙofa lungu ɗaya ne zai kai ka dandalin San Donato. Ba a shimfiɗa masa dutse ba, ƙasa ce zalla. Cocin da ke fuskantarsa shi ne babban cocin yankin kafin 1699. An yi wa fuskarsa kwaskwarima a ƙarni na 16, a gabansa kuma akwai guntayen ginshiƙai da ake jin na wani gidan bautar Rumawa ne da ya riga shi a wurin. A ciki akwai gicciyen katako na ƙarni na 15. Duk ranar Juma'ar da ke gabanin Ista ana sauke shi a ɗauke shi a kafaɗa a tsallaka gada zuwa Bagnoregio. Al'adar ta ce dole ya dawo gida kafin sha biyun dare, in ba haka ba ya zama na mutanen Bagnoregio. Garin da aka ƙwace wa bishof da hukuma, ai ba zai yi wasa da abin da ya rage masa ba.

A dandalin nan ake yin tseren jakuna da suke kira Palio della Tonna, sau biyu a shekara, a watan Yuni da na Satumba. Jakunan na zagaya dandalin, masu kallo na ihu, wani jakin ya tsaya cak ya ƙi motsi. Karramawa ce ga dabbar da ta ɗauki garin a bayanta shekaru aru-aru.

A gefen dandalin, cikin tsohon gidan iyalin Alemanni, akwai gidan tarihi na ilimin ƙasa da zabtarewarta. Da wuya ka samu wani garin da ya buɗe gidan tarihi don bayyana cutar da ke cin sa. A can ƙarshen gari kuma akwai wani rami mai suna Bucaione da ya huda dutsen ya ɓulle cikin kwari. Manoma sun bi ta nan zuwa gonakinsu, a lokacin yaƙi kuma mutane sun fake a ciki.

Sauran abin kallon su ne lungunan kansu: matakalar dutse da ke hawa ta waje zuwa bene, tukwanen furanni a bakin ƙofa, kyanwoyi kwance a rana. Wani lungun za ka bi sai ka ga ya ƙare a sarari. Akwai wani gida kusa da ƙofar gari wanda bangon gabansa kaɗai ya rage. Ka leƙa tagoginsa, sararin sama za ka gani.

Abincin mutanen tudu

Girkin wannan yanki, wanda ake kira Tuscia, girkin talaka ne da ya iya tattali. Ginshiƙansa uku: alkama, man zaitun da nonon tumaki. A ƙarƙashin gidajen Civita akwai ɗakunan da aka haƙa cikin tufo, masu sanyi rani da damina, inda ake ajiyar mai da cuku. A wasu har yanzu akwai tsohon dutsen matsar zaitun, wanda jaki ke juyawa an rufe masa ido don kada jiri ya kwashe shi.

Abu mafi sauƙi shi ne bruschetta: a gasa yankan burodi a garwashi, a goga masa tafarnuwa, a tsiyaya man zaitun, a barbaɗa gishiri. Sai acquacotta, wadda ma'anar sunanta dafaffen ruwa. Miyar makiyaya da manoma ce: a tsinko ganyayen daji masu ɗan ɗaci, a dafa da albasa da dankali da wani ganye mai ƙamshin na'ana'a, a fasa ƙwai a kai in akwai, a juye a kan busasshen burodi. Burodin da ya kwana uku ba a zubar da shi.

Taliyar garin ita ce piciarelli, mai kauri, wadda ake murzawa da hannu. Akwai kuma faffaɗar taliya da miyar kayan cikin kaza, da polenta, wadda duk wanda ya san tuwon masara zai gane ta nan take. Da kaka ana samun tartufo, wani irin naman kaza da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, karnuka ke sansano shi. Ana gurza kaɗan a kan abinci don ƙamshi. Ana kuma gasa 'ya'yan itacen kastanya, waɗanda a shekarun yunwa garinsu ke maye gurbin alkama. Naman aladen gida da na daji da ruwan inabi sun shiga girkin yankin sosai, don haka baƙon da ba ya cin su sai ya tambaya kafin a zuba masa.

Wani abin lura: da yawa daga abin da ake sayar wa baƙi da sunan abincin dā, Bonaventura bai taɓa ganinsa ba. Tumatir da masara da dankali duk daga nahiyar Amurka suka zo, bayan 1492. Abin da za a iya cewa ya ci shi ne burodi, da mai, da wake, da ganye, da cuku.

Yadda mutuwa ta zama jari

A shekarun 1960, lokacin da 'yan gari ke fita, wata baƙuwa ta shigo. Astra Zarina, masaniyar zanen gine-gine 'yar asalin Latbiya da ke koyarwa a Jami'ar Washington ta Amurka, ta sayi kango ta gyara, ta riƙa kawo ɗalibanta suna zama da iyalan garin suna auna gidajensa. Ta rasu a 2008. Bayanta masu hali daga Rum da ƙasashen waje suka riƙa sayen gidaje don hutu.

A 2006 asusun kula da gine-ginen tarihi na duniya, World Monuments Fund, ya sa Civita cikin wurare 100 da suka fi fuskantar haɗari. Injiniyoyi suka haƙa rijiyoyi masu zurfi kusa da gefen dutsen, daga cikinsu suka cusa dogayen sandunan ƙarfe don ɗaure ɓangarorin da suka tsage, suka kuma yi hanyoyin tsiyayar da ruwa. Aikin da Etruskawa suka fara ke nan, kayan aiki ne kawai suka sauya.

A 2013 shugaban ƙaramar hukumar, Francesco Bigiotti, ya yi abin da mutane suka ɗauka wauta ce: ya sa kuɗin shiga gari, yuro ɗaya da rabi, daga baya ya kai yuro 5. Maimakon baƙi su ragu sai suka ƙaru. Ɗan Adam ke nan, abin da aka ce masa ya kusa ƙarewa, shi yake rububi. Daga 'yan dubbai goma-goma a shekara, masu ziyara suka doshi miliyan ɗaya a 2019, da yawansu daga gabashin Asiya. Kuɗin ya sa ƙaramar hukumar ta yafe wa jama'arta wasu haraji, matasan Bagnoregio suka samu aiki a gidajen abinci da masaukai. A 2017 kuma aka sa garin cikin jerin wuraren da Italiya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su. Uwar da aka gudu aka bari, yau ita ke ciyar da 'yar.

Gari ko kufai?

Duk da wannan, mazaunan Civita na dindindin ba su wuce goma sha wani abu ba. Babu makaranta, babu kasuwar cefane, babu asibiti. Da rana lungunan sun cika maƙil da masu ɗaukar hoto. Da magariba ta yi, masu shaguna su kulle su gangara gada, a bar kyanwoyi da 'yan tsofaffi.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa ba don baƙi ba, da babu wanda zai kashe kuɗi a ɗaure dutsen da mutum goma ke kai, da yanzu ciyawa ta cinye dandalin. Wasu kuma na cewa abin da aka ceto ginin ne, garin kam ya riga ya tafi, tunda gari shi ne kukan jariri da gardamar maƙwabta da jana'izar da kowa zai halarta. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Abin da tarihin ya nuna dai shi ne, girgizar ƙasa da zabtarewa sun ɗauki ƙarni da yawa suna gutsurar Civita ba su iya kore mutanenta duka ba. Abin da ya kwashe na ƙarshensu cikin 'yan shekaru shi ne rashin aikin yi da wahalar zama. Ƙarfe na iya riƙe dutse, amma ba ya riƙe saurayin da bai ga abin da zai ci ba.

Yumɓun kuwa yana nan yana aikinsa. Injiniyoyin da kansu ba su ce sun tsayar da shi ba, jinkiri suka saya. Duk damina ruwa zai sauka, ya ratsa tufo, rafukan biyu su kwashi rabonsu. Kafin nan, duk shekara in Juma'ar Ista ta zo, ana ɗaukar gicciyen nan a tsallaka gada da shi, kuma kafin sha biyun dare ana samun kafaɗun da za su hau da shi su mayar gida.